Tafkin Nguru da Ciyawar Kachalla

Tafkin Nguru yana cikin Jihar Yobe. A 2000 aka sa shi cikin dausayin duniya da a ke kiyayewa. Bisa ruwan mu kan ga bado da kainuwa, a gefe kuwa bagaruwa da goruba. Kirinjijiya da dinya da zalɓe 'yan gida ne. Da hunturu waɗansu agwagi su kan zo tun daga Turai, gudun sanyi.

Dā ruwa ya kan cika da damina, ya janye da rani. Bayan gina madatsar Tiga a 1974, waɗansu wurare suka daina bushewa, sai kachalla ta sami gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci ya rasa wurin jefa taru, jan-baki mai cinye hatsi kuwa ya sami maɓoya. Ashe janyewar ruwa ma rahama ce.