Yadda ake tura gawayin ƙasa ta bututu

Gawayin ƙasa, wanda wasu ke kira kwal, kaya ne mai nauyi kuma mai arha, shi ya sa kuɗin ɗaukarsa ke cinye riba idan tafiyar ta yi nisa. A jihar Tawa akwai shi jibge a Salkadamna, inda Shugaba Mahamadou Issoufou ya aza harsashin aikin haƙa da tashar lantarki a 2014. Layin dogo bai zo mana ba, manyan motoci kuma ga shan mai ga lalata hanya. To, akwai ƙasashen da suka tura gawayin nan ta bututu. Ga yadda ake yi.

Da farko niƙa. Ana zuba gawayin a injin da ke farfasa duwatsunsa, sannan a wuce da shi wani injin mai sandunan ƙarfe, ya murƙushe shi har ya koma gari, ƙwayarsa mafi girma ba ta wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Nan gwaninta take. In ya yi tsaki da yawa zai kwanta a cikin bututu, in kuma ya yi laushi fiye da kima, raba shi da ruwa a ƙarshen tafiya zai zama aiki ja.

Na biyu damawa. Ana haɗa garin da ruwa, nauyinsu kusan ɗaya, har ya yi kaurin kunu. Sai a tara shi a manyan tankuna masu farfela da ke juya shi dare da rana, don kada ya kwanta.

Na uku turawa. Manyan famfuna ke cusa shi cikin bututun ƙarfe da aka binne a ƙasa, kuma a kan hanya akwai tashoshin da ke ƙara masa ƙarfi. Bututun Black Mesa na Amurka, wanda ya yi aiki daga 1970 zuwa 2005, tsawonsa kilomita 439 ne, da tashoshi huɗu, kaya kuma kan kwana uku kafin ya isa. Idan gudu ya ragu gari ya toshe hanya, idan ya yi yawa ya ci ƙarfen bututun.

Na huɗu tacewa. A bakin tashar lantarki ana zuba damun a injuna masu juyawa da tsananin gudu, ruwa ya fice gefe, gawayi ya saura. A busar da shi, a kai murhu.

Akwai wasu dabaru na rage ruwa. A Rasha, tsakanin Belovo da Novosibirsk, an tura damu mai kauri sosai wanda ake ƙonawa kai tsaye ba tare da tacewa ba. A Jami'ar Missouri ta Amurka an gwada matse gawayin ya zama curi-curi masu siffar gungume, ruwa kaɗan ya kwashe su a jere. A Japan kuwa iska ce ke tura ƙananan kekunan kaya a cikin bututu, ɗauke da farar ƙasa zuwa masana'antar siminti, amma a gajeren zango.

Abin da ya kamata mutanen Babankatami da Buza da Madawa da Keita su riƙe shi ne maganar ruwa. Kowane tan na gawayi yana tafiya da kusan tan guda na ruwa, kuma ruwan ba ya dawowa. Black Mesa ya riƙa ɗibar nasa daga ƙarƙashin ƙasar ƙabilun Hopi da Navajo, waɗanda suka shafe shekaru suna kukan maɓuɓɓugansu na ƙafewa. A nan Adar, inda mace ke ƙara wa guga igiya idan rani ya tsananta, mai lambun albasa a kwarin Majiya kuma ke ƙara zurfin rijiyarsa, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Muna da misali a gida. Kamfanin SONICHAR yana ƙona gawayin Anou Araren a bakin ma'adinin, a Tchirozérine, ya aika da wuta ta waya zuwa Arlit da Agadas. Duk ranar da aka zo da shawarar bututun gawayi a jihar Tawa, hakimai da magadan gari su fara tambayar daga wace rijiya za a ɗebi ruwan, nawa za a ɗiba a shekara, kuma me zai rage wa mutane da dabbobi.