Yadda Ake Shiga Gasar Makaɗa Huɗu ta Duniya

Turawa suna da wani nau'in kiɗa da suke kira kiɗan ɗaki, domin asalinsa a zaurukan manyan gidaje ake yin sa, ba a dandali ba. Makaɗan ba su da yawa, kuma babu mai sanda a gabansu yana ba da umarni. Mafi daraja a cikinsa shi ne na mutum huɗu masu kayan tsirkiya: biyu da bayolin, wato ɗan'uwan gogenmu mai tsirkiya huɗu, ɗaya da biyola wadda ta ɗan fi girma, na huɗun da calo, babbar da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Ɗaya daga cikin manyan gasanninsu ita ce ta Banff, wani gari a tsaunukan yammacin Kanada, wadda aka fara a 1983 kuma ake yi duk bayan shekara uku. Da ita za mu yi misali.

Abu na farko shi ne haɗa mutanen, kuma nan ne wuyar aikin take. Gwanaye huɗu ba su zama ƙungiya don kawai an zaunar da su wuri guda. Tunda babu jagora, sai kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, ya gane daga ɗaga kafaɗa ko jan iska ta hanci cewa yanzu za a shiga. Wannan ba ya samuwa sai an yi shekaru ana zama kullum, ana gardama a kan wa zai sassauta, wa zai fito. Hatta daidaita tsirkiya magana ce: bayolin ba shi da alamun da ke nuna wa yatsa wurin dannawa, kunne ne alƙali, don haka dole kunnuwa takwas su yarda da amo ɗaya. Sau da yawa ƙungiya takan watse tun ba a kai ga gasa ba, wani ya samu aiki a babbar tawagar kiɗa mai albashi, wani ya gaji da halin abokinsa.

Idan an tsaya da ƙafa, sai a ɗauko ƙa'idojin gasa a karanta su kamar takardar filin gado. Akwai iyakar shekaru. A Banff kowane ɗan ƙungiya sai ya kasance ƙasa da 35, saboda haka mutum guda da ya haura ya rufe wa sauran ƙofa. Wanda ya rasa wannan zango zai iya duba wasu: ta Wigmore Hall a Landan, wadda ta faro daga Portsmouth a 1979, ta gidan rediyon ARD a Munich ta Jamus, ko ta Melbourne a Ostareliya. Masu wayo kan jera su a shekara guda, domin kiɗan da aka haddace wa wannan ya yi wa waccan amfani.

Sai ɗaukar bidiyon neman shiga. Galibi ana son a ɗauki kowane sashe a tashi ɗaya, ba yankewa ba ɗinki, kyamara na ganin mutum huɗun duka. A nan ake yin asara ta banza: a kashe wata shida ana bita, sannan a yi ɗauka a ɗakin da ke haɗiye sauti ko mai amsa kuwwa fiye da kima. Gara a biya kuɗin zaure mai kyau da wanda ya san inda ake dasa makirufo. Da bidiyon ake haɗa tarihin ƙungiya, hotuna, shaidar shekarun haihuwa da jerin abin da za a kaɗa. Daga cikin duk masu nema, ƙungiya tara ko goma kacal Banff ke gayyata.

Zaɓen abin kaɗawa yana da tarko. Ba a tsere wa Haydn, mutumin da ake ɗauka shi ne uban wannan salo. Kiɗansa a kunne kamar ruwan sanyi, amma ba shi da wurin ɓuya. Ƙaramin kuskure tsirara yake fitowa. Akwai zagayen mawallafan ƙarni na 19 irin su Brahms da Mendelssohn, akwai na ƙarni na 20 inda Bartók, mai irin wannan kiɗa guda shida, ya zama ruwan dare, sannan ga Beethoven yana jira. Matasa kan ruga ga mafi wahala don su burge. A ganina kuskure ne: alƙalan tsofaffin hannu ne da suka kaɗa waɗannan abubuwa sau ɗaruruwa, kuma sun fi son jin abin da ya zauna a hannun mai shi.

Zagayen da ya fi ba ni sha'awa shi ne na sabon kiɗa. Masu gasa sukan sa wani mawallafi ɗan Kanada ya rubuta musu, kamar yadda Vivian Fung ta yi a 2013, a aika wa ƙungiyoyin kafin su iso. Babu faifan da za a saurara a kwaikwaya, babu malamin da ya taɓa koyar da shi. Dukansu za su kaɗa abu ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, jama'a na ji. Nan ake gane wanda ke karanta takarda da kansa da wanda aka saba tauna masa.

Tafiyar ma aiki ce. Ban da biza, calo ba ta shiga cikin kaya. Kujera ake saya mata a jirgi kamar fasinja. Tsofaffin bakunan gogawa kuma wasu na da ɗan hauren giwa a kai, wanda dokar kare namun daji ta duniya ke sa jami'an kwastan su riƙe idan babu takarda. Ana sauka a Calgary, a yi tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi a mota. Banff na kan tudu na kusan mita 1,400, iskarsa busasshiya, kuma katako yana jin busasshiyar iska kamar yadda fatar kalangu ke jin hunturu. Shi ya sa ake isa da wuri, kaya su saba, a gwada zauren.

Gasar kan ci mako guda a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Kowace ƙungiya tana bi ta zagayen farko duka, sannan a tace uku su kara a ranar ƙarshe. Ƙungiyar Dover ta ci a 2013, Rolston a 2016, Isidore a 2022, a 2019 kuwa alƙalai suka raba kambun tsakanin Marmen da Viano. Kyautar ta haɗa da kuɗi, da ɗaukar faifai, da rangadin wasanni a Turai da Arewacin Amurka. Masu shirya wasanni da dillalan makaɗa sukan zauna cikin 'yan kallo har mako ya ƙare, don haka ƙungiyar da ba ta kai zagayen ƙarshe ba ma takan koma gida da goron gayyata a aljihu.