Maganin Hawan Jini da Numfashi a Ƙasar Tudu

Tambaya: Na daɗe ina shan maganin hawan jini, ga shi aiki zai kai ni Addis Ababa. An ce iskar can ba ta ƙosar da baƙo. Shin maganin zai iya dakushe mini numfashi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ka yi tambaya a kan gaɓa. Addis Ababa na zaune a tudu mai tsayin mita 2,300 da ɗoriya, kusan ninki biyu na Jos, don haka oksijin da kowace shaƙa ke kai wa jini ya ragu. Masu lura da wannan ragi wasu 'yan tsokoki ne guda biyu a wuya, kowace kamar ƙwayar shinkafa, daidai inda jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta rabu biyu. Da sun ji oksijin ya yi ƙasa sai su aika saƙo, numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara gudu, jini kuma ya ɗan hau. Corneille Heymans, ɗan ƙasar Beljiyam, shi ya gano aikinsu har ya ci kyautar Nobel ta 1938.

To, ina magani ya shigo? Ya danganta da irin wanda kake sha, ba ka kuwa faɗa mana ba. Amlodipine da danginsa ba su da wata rigima da numfashi; ɗan'uwansa nifedipine ma shi likitoci ke bai wa mahaya duwatsu don hana ruwa taruwa a huhu. Lisinopril yakan jawo busasshen tari, amma ko a Zariya yana yin haka, ba laifin tudu ba ne.

Inda ake taka-tsantsan shi ne magungunan rage bugun zuciya. Propranolol na iya matse hanyoyin iska ga mai asma. Carvedilol kuma, a gwajin da masana Italiya suka yi a dutsen Monte Rosa, sama da mita 4,500, ya fi ɗan'uwansa nebivolol rage wa mutane ƙarfin motsa jiki. Sai dai tsakanin can da Addis akwai rata babba. Masu shan maganin sa fitsari su riƙa shan ruwa, domin busasshiyar iskar tudu na zuƙe ruwan jiki.

Abin da na fi jiye maka tsoro shi ne ka ajiye maganin don fargaba, alhali tudun kansa yana ɗaga jini. Ka ga likitanka kafin tafiya, ka tafi da na'urar awon hawan jini, ka bi a hankali kwana biyun farko. In ka ji haki kana zaune, ko ciwon ƙirji, nemi asibiti nan take.