Darasi: Yadda Ake Zaɓen Tocila Mai Kyau

Mutanen Bomo manoma ne. Da damina suna sammako zuwa gona tun da sauran duhu. Da rani masu noman fadama kan kai dare suna ban ruwa. Ga masu tsaron dabbobi, ga mata masu fita tsakar gida da dare. Dukkansu suna bukatar tocila. Wanda ya taka kububuwa ko kunama cikin duhu ya san amfaninta.

A kasuwar Samaru da ta Sabon Gari akwai tocila iri-iri. Mai saye yakan kunna ta a gaban mai shago da rana tsaka. Idan ta kashe masa ido sai ya ce ta yi. Wannan kuskure ne. Dare ne ke nuna tocila mai kyau.

Sassan tocila

Abu uku ne ke ba da haske: batir, da ƙwai, da madubin da ke kewaye da ƙwan. Batir ke ba da wuta. Babban batir ɗaya, irin Tiger Head, yana da ƙarfin bolt 1.5. Biyu sun zama bolt 3. Ƙwai ke mai da wutar ta zama haske. Madubi kuma shi ke tattara hasken ya tura shi gaba.

Ƙwai iri biyu ne. Na dā yana da siririyar waya a ciki. Haskensa ja-ja ne, yana zafi, yana kuma cin batir. Na yanzu ana kiransa LED. Wani kamfani a ƙasar Japan ya fara sayar da farinsa a shekarar 1996. Ya fi na dā haske, ya fi jimrin faɗuwa, batir kuma yana daɗewa da shi.

Haske iri biyu

Tocila mai faffaɗan kai da zurfin madubi tana tsuke haske wuri ɗaya. Tana harba shi nesa. Ita ce ta dace da mai gadi da mai neman dabbar da ta ɓata. Amma ba ta nuna abin da ke gefen ƙafa.

Tocila mai ƙaramin kai tana baza haske. Ba ta kai nesa, amma tana haska hanya da ciyawar da ke gefenta. Ita ce ta dace da mai tafiya a ƙasa, domin maciji a gefen hanya yake kwanciya. Mai ban ruwa kuwa fitilar goshi ta fi masa, don hannuwansa biyu su yi aiki.

Ga wani abin lura. Idan nisa ya ninka biyu, hasken da ke sauka a kan abu yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa tocilar da ta haska ɗaki sosai takan kasa a fili.

Yadda ake gwadawa

1. A sa wa tocilolin sabon batir, ko a cika su da caji.
2. A fita fili a daren da babu farin wata.
3. A ajiye baƙar igiya a ƙasa, a ja baya taki 10, sannan taki 20. A duba wadda ta fi nuna igiyar.
4. A haska bishiya daga taki 50, a ga wadda ta fi nuna rassanta.
5. A haska bango. Idan akwai baƙin tabo a tsakiyar hasken, madubin ba shi da kyau.
6. A bar su a kunne awa ɗaya, a sake gwadawa. Wata takan fara da ƙarfi, ta dushe da wuri.

A jikin kwali akan rubuta lamba da kalmar lumen. Wannan ma'aunin yawan haske ne. Ba ya faɗin nisan da hasken zai kai, kuma wasu masu ƙera kaya suna ƙara gishiri. Gwaji ya fi rubutun kwali.

Lokacin hazo

Da hunturu ƙura takan cika iska. Ƙurar tana dawo da haske cikin idon mai tocila. A riƙe ta ƙasa-ƙasa daidai ƙugu, a karkata ta wajen hanya.

Kula da tocila

Kada a haɗa tsohon batir da sabo. Idan za a daɗe ba a yi amfani da tocila ba, a cire batir, domin yakan zubar da ruwa ya cinye ta. Kada a jefa mataccen batir a wuta, kada a bar yara su fasa shi. A riƙa goge gilashin da tsumma mai laushi.

Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa. A hanzarta kai shi asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba shi da nisa da Bomo.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke ba da haske a tocila?
2. Wace tocila ce ta dace da mai tafiya a ƙasa? Don me?
3. Me ya sa ake sake gwaji bayan awa ɗaya?