Yadda Ake Farfaɗo da Zuciyar da Ta Yi Sanyi a Bin Ubangiji

Duk wanda ya taɓa noman fadama a ƙasar Haɗeja ya san kacala. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, kogi ya rage zuwa da ƙarfinsa ya janye kamar dā; sai malala a hankali rani da damina, ciyawar nan kuwa abin da take so ke nan. Manomi zai wayi gari ya ga shinkafarsa na ƙishi alhali kogi bai ƙafe ba, hanyar ruwan ce ta toshe. Haka sanyin ruhaniya yake kama mai bi. A gari irin Kafin Hausa, inda Kiristoci ba su da yawa, ma'aikacin da aka turo ko ɗan bautar ƙasa kan yi wata uku bai taka majami'a ba kafin shi kansa ya farga. Ga yadda ake buɗe hanyar.

Da farko, nemo inda ruwan ya tsaya. Ɗauki takarda ka rubuta: yaushe rabonka da addu'ar da ba ta cin abinci ba? Me ya faru a watan nan? Yawanci ɗayan uku ne: gajiya, ɓacin rai, ko zunubin da aka ɓoye, kuma kowanne da maganinsa. In gajiya ce, ka tuna annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Sa'ad da ya karai har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin wata magana. Wanda ya kwana bakwai yana ban ruwa a gona ya nemi barci tukuna, ya daina zargin kansa da ja da baya. In ɓacin rai ne, kamar na waɗanda ambaliyar 2022 ta rushe wa gidaje a Bulangu da kewaye, kada ka haɗiye. Buɗe Zabura 13 ko 88 ka ga yadda bayin Allah suka kai ƙararsu gabansa ba kwana-kwana, kai ma ka kai taka da bakinka.

Na biyu, in zunubi ne, kira shi da sunansa. “Ka gafarta mana dukan laifofinmu” addu'ar taro ce. Kai kaɗai a ɗaki, faɗi abin da ka yi da wanda ka yi wa. Zabura 51 za ta taimake ka in harshe ya yi nauyi. Amma a nan mutane da yawa ke tsayawa, a nan kuma na fi so in daɗe. Matiyu sura 5 ta sa sulhu da ɗan'uwa a gaban miƙa baiko. In ka tauye mudu, ka cika. In ka ci iyakar gona, ka mayar da kunyar inda take. In bashi ne ka yi shiru a kai, je ka ce, “Malam, kuɗinka na wurina, ga rabi, saura bayan girbi,” ko da mai bashin maƙwabcinka ne Musulmi, balle ma shi, tunda a jikinka yake karanta bangaskiyarka. Ni ban taɓa ganin wanda addu'arsa ta yi zafi ba alhali yana sauya hanya in ya hango wanda ya cuta.

Na uku, yanke ɗan lokaci kaɗan ka riƙe shi kullum. Kuskuren mai sabuwar himma shi ne alkawarin azumin kwana arba'in da karance Littafi Mai Tsarki cikin wata guda; kwana huɗu ya faɗi, sanyin ya fi na dā. Minti 15 ya isa. Agogo ma ba ka bukata: kiran sallar asuba na tashin kowa a garin nan, maƙwabta na fita masallaci, kai ma tashi ka wanke fuska ka zauna. Fara da Bisharar Markus, surori 16 ne, sura ɗaya a rana. Karanta da murya, da Hausa in ita ce harshen da kake kuka da shi. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha wahala a kai tare da abokan aikinsa, to kada ya zama kayan adon saman akwati. Wanda bai iya karatu ba ya sa a ɗora masa na saurare a waya. Wayar kuwa, in ba don wannan ba, a bar ta a kife sai an ce amin.

Na huɗu shi ne mai wuya: komawa cikin jama'a. Kunya za ta ce ka bari sai ka gyaru. Kada ka saurare ta. Je wurin mai kula da ikilisiya tun kafin Lahadi, ka gaisa, ka ce, “Baba Fasto, na yi sanyi, a taimake ni.” In akwai abin da ya kai ga horo, gara ka karɓa da ka riƙa zama a bencin baya kana sulalewa duk ranar Jibin Ubangiji. Mace ta nemi wata uwa a Zumuntar Mata, namiji ya nemi dattijo ɗaya, a sa rana a mako da za a haɗu a yi addu'a a tambayi juna gaskiya. Mutanen bakin kogi ba sa shiga yankan kacala ɗai-ɗai, gayya suke kira. Shirin wa'azin Sabon Rai Don Kowa da ya ratsa Arewa a shekarun 1960 ma a kan ƙananan ƙungiyoyin addu'a na gida-gida ya tsaya.

Daga nan ka nemi aikin hannu guda: sharar majami'a, koyar da yara a makarantar Lahadi, duba mara lafiya a asibiti, taya gwauruwa cire.

Taron falkaswa fa? Je, yana da amfani. Sai dai ruwansa irin na ambaliya ne, ya cika fadama yau, jibi ya janye, abin da ka shuka kafin zuwansa shi zai rage. Wanda kuma ya ce zai sayar maka da wutar Ruhu cikin kwalbar mai ko ta ruwa, riƙe kuɗinka ka sayi taki.

Za ka sake fashi, wataƙila tun a mako na biyu. Kada ka koma farkon lissafi, ɗora daga surar da ka tsaya. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, a Yohanna sura 21 aka mayar masa da aikin kiwo. Ku kuma dattawan ikilisiya, in kun ga bencin wani ya yi Lahadi uku babu kowa, ku taka zuwa gidansa ku gaishe shi kafin ku kai sunansa zaman majalisa.