Kafin karen gadi ya haɗiye totuwa

A Zongon Agoè, inda aka dawo da mutanenmu daga tsakiyar Lome a 1977, ba don ƙawa ake ajiye kare ba. Don gadi ne, na gida ko na garken tumaki. Shi ya sa in na ce wa maigida ya nema wa karensa abin wasa, yakan yi dariya ya ce, "Likita, ko 'ya'yana ban saya musu ba." Amma kare sai ya tauna wani abu, in ba a ba shi ba zai zaɓa da kansa. Abin da ya zaɓa shi muke cirowa daga hanjinsa a teburin tiyata: totuwar masara, ƙwallon mangwaro, guntun silifas, leda.

Totuwa ta fi ba ni tsoro. Ciki ba ya narkar da ita, kaurinta kuma daidai yake da toshe hanji. Bayan Babbar Salla kuwa ƙasusuwan rago ne. Ƙashin da ya sha wuta, dafaffe ko gasasshe, tsagewa yake yi da tsini, ya yanki dasashi ko ya huda hanji.

Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, yana sake su da na girma 42 daga wajen wata 4 zuwa 7. Lokacin ne dasashi ke masa ƙaiƙayi, takalman baƙi su shiga uku a bakin zaure.

In za ka zaɓa wa kare abin wasa, fara da girma. Duk abin da zai shige bakin karen gaba ɗaya ya yi ƙanƙanta, kuma ƙwallon da ta dace da shi yana kwikwiyo tana iya maƙale masa a maƙogwaro bayan ya girma. Sannan ka danna abin da farcen babban yatsa. In bai lotsa ko kaɗan ba, zai iya fasa haƙori. In kuma yana ɓantarewa a hannunka, to zai ƙare a ciki. Roba mai kauri mai rami a tsakiya, irin ta kamfanin Kong, ita nake so, don ana iya cusa mata ɗan abinci kare ya shagala. Guntun taya ba madadinta ba ne, akwai waya a cikinsa.

'Yan tsanar gwanjo da ake cirowa daga dila a kasuwar Hédzranawoé don yara aka yi su. Idon roba, maɓalli da audugar ciki duk haɗiyewa ake yi, masu kiɗa kuma suna da ƙaramin batir mai ƙone maƙoshi. Ƙwallon tanis ma, in ta kwashi yashin Lome a gashinta, goge haƙora take yi sannu a hankali. Abin wasan kare a riƙa wanke shi, kada kuma yara su sa shi a baki, saboda tsutsar ciki.

In kare ya kama amai a kai a kai, ya ƙi abinci, ya daina kashi, ko yana kuka in an taɓa cikinsa, kada a ɗura masa manja ko ruwan gishiri. In zare ya leƙo ta duburarsa kada a ja, yana iya yanka hanji. A kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, tare da ragowar abin da ya tauna.