Doka Ɗaya, Magana Ɗaya

Hakimai da malamansu su ne su ke fassara wa talakawa dokokin da majalisa ta kafa, saboda haka ya kamata su san wata ƙa'ida ta tsara doka wadda ƙasashe da dama su ke bi. Ƙa'idar ita ce, kowane shirin doka da za a kawo gaban majalisa ya tsaya a kan magana ɗaya tak, sunan dokar kuma ya bayyana wannan magana sosai.

Ga dalili. A ce an kawo shirin gina asibiti wanda kowa ya ke so, sai wani mai wayo ya cusa wani sashe a ciki na yafe wa abokansa haraji. To, wakili ya rasa tudun dafawa. In ya ƙi shirin ya hana jama'a asibiti, in ya yarda kuwa ya sa hannu ga zalunci. Haka kuma wakilai su kan tattara buƙatunsu, waɗanda ko ɗaya ba za ta sami rinjaye ita kaɗai ba, su ɗaure su dami guda su wuce da su.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekara ta 98 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa sun kafa dokar da ta hana gama al'amura dabam dabam cikin ƙuri'a ɗaya. A Ingila ma, a 1702, Majalisar Iyayengiji ta yi tsayayya ga al'adar liƙa wata magana a jikin shirin dokar kuɗi.

Amma misalin da ya fi shahara daga jihar Jojiya ta Amurka ya ke. A 1795 majalisar jihar ta sayar wa kamfanoni 4 ƙasar Yazoo, wajen eka miliyan 35, a kan dala 500,000, bayan an ba wakilai toshiya. Sunan dokar kuwa zancen biyan sojan jihar da tsaron iyaka ya ke yi. Da asiri ya tonu, sabuwar majalisa ta soke ta a 1796, aka ƙone takardar a bainar jama'a. Duk da haka, a 1810 Kotun Ƙoli ta ce ba a warware cinikin da ya riga ya ƙullu. Tsarin mulkin Jojiya na 1798 ya hana doka ta ƙunshi abin da sunanta bai faɗa ba, jihar New Jersey kuma ta kafa ƙa'idar magana ɗaya a 1844. Yanzu jihohi fiye da 40 suna da irinta, ko da ya ke majalisar tarayya ta Washington ba ta ƙarƙashinta. A Ostareliya, tsarin mulkin da ya fara aiki a 1901 ya ce dokar ɗora haraji kada ta taɓa wani abu sai haraji.

Wuyar abin ita ce sanin iyakar magana ɗaya. Dokar makarantu ta kan taɓa gini da albashi da jarrabawa, amma duka reshen itace ɗaya ne. Alƙalai su kan duba ko sassan suna da dangantaka da juna, in babu sai su soke baƙon sashen, wani lokaci ma dokar duka.

Malamin da ya karɓi sabuwar doka, sai ya fara karanta sunanta, sa'an nan ya bi sassanta ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da sunan. In ya tarar da sashen da bai dace ba, ya nuna wa hakimi tun ba a yi shela ba.